Bayan "Ya Yi Daɗi", Sai Kuma Me?

 Yau ina so mu taɓa wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke ɗaukar littafi mu karance shi daga bango zuwa bango, mu yi kuka, mu yi dariya, wani lokaci har miya ta kama a tukunya ba mu sani ba, amma da zarar an tare mu an ce me kika gani a ciki, sai mu ce "wallahi ya yi daɗi", shi ke nan magana ta ƙare. To 'yar uwa, wannan amsar ta kusa jawo wa wata yarinya asarar karatunta a gabana, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Ni dai a nan Wurno nake zaune, ta ƙasar Birnin Kudu. Ina da wata tsohuwar adaka cike da littattafan da na tara tun ina budurwa, lokacin Jihar Jigawa tana sabuwa fil, don a 1991 aka cire mu daga Jihar Kano. A wancan zamani daga Kano ake kawo su, mu karɓa haya, in kuɗi ya samu mu saya, mu yi ta miƙa wa juna ta kan katanga. Kwanakin baya ɗiyar yayana da ke makarantar sakandare ta shigo gaishe ni, ta buɗe adakar ta zari Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Da daddare ubanta ya same ta tana karantawa da fitilar waya. Gari na wayewa sai ga shi a gidana, littafi a hannu, yarinya a bayansa ido ya yi ja.

Ya ce, "Ashe ke ce kike ba ta waɗannan littattafan na soyayya?"

Na ce, "Yaya, ka zauna mana ka sha ruwa tukuna."

Bai zauna ba. Ya juya wajen yarinyar ya ce ta faɗa masa abu ɗaya da ta koya a ciki. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, daɗi ne da shi." Ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Daɗi! In dai abin da boko ya koya mata ke nan, gara ta zauna a gida."

Wallahi kunya ce ta kama ni, domin na san da ni aka yi wa tambayar ina kamar shekarunta, amsar da zan bayar ke nan. Kuma irin wannan hukunci na Yaya ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1990 wasu masana, irin su Malam Ibrahim Malumfashi, suka laƙaba wa littattafan nan sunan Adabin Kasuwar Kano, a 2007 kuwa har ƙona wasu aka yi a Kano a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Ban ce duk littattafan na kirki ne ba, akwai na banza da yawa. Amma in mu masu karantawa ba mu iya bambance tsaki da tsakuwa da bakinmu ba, dole wani ya zo ya yi musu kuɗin goro.

Na roƙi Yaya ya ba ni kwana uku. Na zauna da yarinyar muka feɗe littafin da wasu kalmomi biyar da malaman Hausa ke amfani da su wajen nazarin ƙagaggun labarai. Kada sunan nazari ya ba ki tsoro, ba sai kin je jami'a ba. Duk matar da ta iya gane cewa gishiri ya yi wa miya yawa, za ta iya wannan.

Ga labarin a taƙaice domin wadda ba ta karanta ba. Rabi matar wani ɗan kasuwa ce a Kano, Alhaji Abdu, ga 'ya'ya har tara a gabanta, amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai wa ko'ina alhali yana da hali. Ana cikin haka ya auro Delu, macen da ta daɗe tana zaman kanta. Rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe yaranta, 'yarta Saudatu ta sami miji mai wadata, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa, Delu ta juya masa baya, daga ƙarshe aka taru a kan Rabi aka matsa mata ta sake karɓarsa.

JIGO

Jigo shi ne saƙon da ya riƙe labari gaba ɗaya. Ki tuna jigon da masu lambu ke ɗebo ruwa da shi a fadama, in ya karye ban ruwa ya tsaya. Haka yake a littafi. Kuskuren da muka fi yi shi ne in an ce mene ne jigo, sai mu kama ba da labarin tun daga farko. A'a, labari daban, jigo daban. Jigo bai wuce ki faɗe shi a numfashi ɗaya ba.

Da na tambayi yarinyar, sai ta ce jigon shi ne kishi. Na ce ta sake dubawa, shin kafin Delu ta shigo gidan, Rabi tana cikin jin daɗi? Ta yi shiru, can ta ce a'a, tun kafin nan ma da yunwa suke kwana. To kin ga ashe kishi ƙaramin jigo ne. Babban jigon shi ne zaluncin maigidan da ya ƙi sauke haƙƙin iyalinsa, da sakayyar da ke biyo baya. Sunan littafin ma karin maganar da ya nuna haka ne. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan jigogi, kamar amfanin sana'a ga mace, da tarbiyyar 'ya'ya, da zumunci. Wanda duk ya kira wannan littafi na soyayya, bangonsa kawai ya gani. Soyayyar Saudatu tana ciki, gaskiya ne, amma rabin littafin maganar tukunya ce da kuɗin makaranta.

ZUBI DA TSARI

Wannan shi ne yadda marubuci ya jera abubuwan da suka faru, me ya fara zuwa, me ya biyo, me ya jawo me. Kamar jeren ɗakin amarya ne. Mata biyu za su iya samun kwanuka iri ɗaya, ɗaya ta jera ki shiga ki ƙi fita, ɗaya ta jibge su kamar rumfar 'yan koli. A cikin zubi ne ake ƙulla rikici, ya yi ta tsananta har ya kai ƙololuwa, sannan a warware.

A nan Hajiya Balaraba ta yi abin a yaba. Ba ta fara da ranar da aka kori Rabi ba, sai da ta zaunar da mu a gidan muka ga ƙuncin da idonmu, yadda in sakin ya zo ba mai cewa laifin Rabi ne. Sannan ta raba labarin gida biyu tana kai mu tana dawo da mu: can gidan Rabi abubuwa suna ta gyaruwa, nan gidan Alhaji suna ta lalacewa. Ba sai ta tsaya yi mana wa'azi ba, jerin da kansa ya isa.

Amma ina da ƙorafi biyu, kuma zan faɗe su ko da yake ina ƙaunar littafin. Na farko, gobarar nan. Ba rowar Alhaji Abdu ce ta haifar da ita ba, daga sama ta faɗo, don haka sai na ji kamar marubuciyar ce ta sa hannu ta hukunta shi domin ta huce mana haushi. Mu kuwa mun sani a unguwanninmu akwai irin su Alhaji Abdu da shagonsu bai taɓa ƙonewa ba. Da a ce halinsa ne ya ci shi a hankali, abokan ciniki suka gudu, 'ya'ya suka ƙi shi, da darasin ya fi shiga jiki. Na biyu, rabin sauƙin da Rabi ta samu ta hannun suruki mai kuɗi ya zo. To matar da 'yarta ba ta auri Alhaji ba fa? Wannan tambaya ce da ya kamata ki riƙa yi wa kowane littafi: abin da ya warware matsalar nan, daga cikin labarin ya tsiro, ko kuwa jefo shi aka yi don a rufe littafi?

TAURARI

Taurari su ne mutanen cikin labari. Akwai babban tauraro ko babbar tauraruwa, wadda labarin ke zagayawa a kanta, akwai kuma ƙanana. A nan Rabi ce babba. Abin da za ki duba shi ne, shin mutumin nan yana da rai kamar ni da ke, yana canjawa in duniya ta murɗa shi, ko kuwa fuska ɗaya gare shi tun daga farko har ƙarshe?

Rabi tana da rai. Matar da muka fara gani tana jiran abin da za a miƙo mata, ba ita ce wadda muka gani daga baya tana juya kuɗinta tana yanke shawarar gidanta ba. Tana fushi, tana mayar da magana, ba waliyyiya ba ce, shi ya sa muka yarda da ita. Delu kuwa, a ganina, an yi mata rowa. An ba ta mugunta an hana ta dalili. Me ya fitar da ita daga gidan iyayenta tun farko? Wa ya fara cutar ta? Da an ɗan buɗe mana wannan ƙofa, da mun ji tsoron halinta fiye da yadda muka tsane ta, domin da mun gane cewa ita ma 'yar wasu ce.

Ki lura da wannan sosai a littattafan da ake yayi yanzu a waya. In kika ga namiji kyakkyawa, mai kuɗi, mai addini, mai haƙuri, ba ya gumi ba ya bashi, to ki sani zane ne aka yi miki. Kada ki ɗauki zane ki je kina auna mijinki ko saurayinki da shi, ki hana kanki zaman lafiya a banza.

MAI BA DA LABARI

Wannan ita ce kalmar da ta fi yi mini amfani a gaban Yaya. Mai ba da labari shi ne muryar da kike ji tana magana a cikin littafi, kuma ba lallai ne ta zama muryar marubucin ba. Wani lokaci tauraro ne da kansa yake cewa "na je, na yi". Wani lokaci kuma wata murya ce daga gefe wadda ta san zuciyar kowa, tana cewa "ta je, ya yi", kamar yadda yake a Alhaki Kuykuyo Ne, inda ake shiga da mu ɗakin Rabi a fito a shiga na Delu.

Dubi Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Alhaji Imam na cikin labarin da bakinsa yake faɗin irin damfara da ƙeta da suka yi ta yi wa juna shi da Malam Zurƙe. Shekara da shekaru ana karanta shi a makarantu, ba wanda ya taɓa cewa marubucin yana koya wa yara damfara. A Magana Jari Ce ma aku ne yake zuba yawancin labaran, ba wanda ya ce Abubakar Imam tsuntsu ne. To don me in Delu ta yi rashin kunya a takarda za a ce Hajiya Balaraba ce take koyar da rashin kunya? Nuna abu daban, yabonsa daban. Abin dubawa shi ne ina labarin ya kai mai halin.

Amma wannan wuƙar kaifi biyu gare ta, mu ma masu karatu ta shafe mu. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, Sumayya ta faɗa rijiya saboda za a raba ta da Muhammad a ba ta mai kuɗi. Nan ne ƙololuwar labarin, kuma an sa shi ne don iyaye su ga inda auren dole da kwaɗayin dukiya ke kaiwa. Yarinyar da ta karanta ta ɗauka shawara aka ba ta, ba ta iya karatu ba. Sumayya ta takarda ce, marubuci yana da ikon ya tsamo ta da rai. Ke kuwa ba a hannun marubuci ranki yake ba.

SALO

Salo shi ne hannun marubuci, yadda yake sarrafa harshe. Ki ba mata biyu kuka ɗaya da daddawa ɗaya, miyarsu ba za ta zo ɗaya ba. Salon Hajiya Balaraba a wannan littafi Hausar tsakar gida ce ta matan Kano, ga habaici, ga gugar zana, ga karin magana, ba ta tsayawa dogon kwalliya. In ana cacar baki a ciki sai ki ji kamar a maƙwabta ake yi ki leƙa. Har Malam Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a ƙasar Indiya a 2012, mutanen da ba su taɓa ganin Kano ba suka san Rabi.

In za ki auna salo, ki tambayi kanki: da an rufe sunayen masu magana, zan iya gane wace ce Rabi wace ce Delu daga kalamansu? In kowa a littafi bakinsa ɗaya, tsohuwa da budurwa da direba duk suna magana kamar masu karanta labarai a rediyo, to salo ya yi rauni. Haka kuma marubuciyar da za ta cinye shafi uku tana lissafa leshi da turare da kujerun falo, labari yana tsaye yana jiranta, cika takarda take yi.

TO WA KUYKUYON YA BI?

Yanzu mu haɗa su mu dubi ƙarshen littafin, inda ni da ƙawayena muka daɗe muna sa-in-sa tun muna 'yan mata. Wasu suna cewa ƙarshen ya yi kyau, haƙuri ya yi riba, miji ya dawo a ƙasƙance. Ni ma da haka na ɗauka. Da na sake karantawa da idon nazari sai na ga wani abu. In kika bi zubin, lokacin da Rabi ta fi samun kwanciyar rai shi ne lokacin da take riƙe da kanta. In kika dubi tauraruwar, ba da murna ta karɓi komen ba, matsa mata aka yi. Sunan littafin ya ce alhaki mai shi yake bi, kuma ya bi shi ɗin, amma da ya tashi kwanciya a ƙofar wa ya kwanta? A ƙofar Rabi. Ita aka cuta da fari, ita kuma aka ɗora wa jinyar wanda ya cuce ta.

Ni a karatuna, marubuciyar ba ta ce haka ya dace ba, ba ta kuma ce bai dace ba. Ta ajiye mana abin yadda yake faruwa a gidajenmu, ta bar mu da ɗacinsa a baki. Wata za ta ce don 'ya'ya gara a koma, kuma tana da hujja. Wata za ta ce an tauye Rabi, ita ma tana da tata. Ba sai mun yarda da juna ba. Abin da nake so shi ne kowace ta iya buɗe shafi ta ce ga dalilina. Littafin da zai sa mata su yi shekara talatin suna wannan muhawara ya wuce a sallame shi da "ya yi daɗi", ya kuma wuce a jefa shi a wuta.

Da kwana uku suka cika Yaya ya dawo. Na ce wa yarinyar ta yi bayani da kanta. Murya na rawa ta faɗi jigo, ta faɗi abin da ya burge ta game da Rabi, har ta ƙara da cewa ita gobarar ba ta gamsar da ita ba. Da ya kawo maganar Delu, na ce, "Yaya, kai da ka karanta Ruwan Bagaja a firamare, damfarar wa ka taɓa yi?" Ya yi murmushin da bai shirya ba. Bai ce mun yi gaskiya ba, kun san halin yayye maza. Abin da ya ce shi ne ba a ƙara karatu bayan sallar isha'i, kuma duk littafin da za ta karanta sai ya biyo ta hannuna. Ya sa littafin a aljihu ya tafi da shi, har yau bai dawo mini da abina ba. Ranar Litinin dai na ga yarinya ta wuce makaranta da jakarta.

Don haka 'yar uwa, ko a takarda kike karatu, ko a waya, ko sauraro kike ana karanta miki kina tankaɗe, in kin gama ki yi wa littafin tambaya biyar. Me yake son faɗa mini? Yaya aka jera shi, kuma warwarar ta gamsar da ni? Mutanen ciki masu rai ne ko zane? Muryar wa nake ji? Harshen ya dace da masu shi? In kina da 'ya ko ƙanwa mai karatu, kada ki tsaya kan ƙwacewa, domin in kin ƙwace na takarda akwai ɗari a waya. Ki zauna ki yi mata tambayoyin nan, ke ma ki ba ta taki amsar.

Wadda ta ga na yi kuskure game da Rabi, ƙofa a buɗe take, amma ta zo da hujjarta. Allah Ya sa mu dace, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.